Ranar da Gangata Ta Koma Gona

Ni na fara ganin abin. Kafin Malam Abdulmumini ya gani, kafin 'yan kwamiti su gani, kafin ma masu gudun su san ƙafafunsu za su ɗauke su, ni Ɗan'azumi na riga na gani. Yanzu in ka zauna a tashar Batsari za ka ji kowa yana cewa ai shi ma ya hango, har da waɗanda a lokacin suna can Katsina suna tallar rake. Ku ƙyale su. Ni na rataya gangar, ni na san abin da ke cikinta.

Ni makaɗin gangar noma ne, ɗan makaɗi, jikan makaɗi. Ban shiga aji ba, ban san yadda ake riƙe biro ba, amma ka kawo mini manomi ko daga Wagini ko daga Karare, in dubi tafiyarsa kurum, zan gaya maka irin kiɗan da zai lanƙwasa masa baya. Ƙauyenmu yana can bayan Ruma, gab da daji. Ba zan faɗi sunansa ba, don yau ba kowa a cikinsa sai gara da kangaye.

A can, in damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, sai a kira gayya: gari ya taru ya yi wa mutum ɗaya huɗa, gobe a koma gonar wani. Maza su jeru da garemani, ni ina bayansu da ganga. Kowane manomin kirki yana da takensa. In na kaɗa naka, ko haƙarƙarinka na ciwo sai ka ɗaga garma ka yi kirari ka ci ƙasa. Akwai kuma kiɗa guda da ba na kowa ba ne, na gari ne duka. Muna ce masa ƙare-gona. Sai rana ta take, hannuwa sun mutu, saura 'yan kunyoyi a kai iyaka, sannan nake sakinsa. Ya fi kowane kiɗa zafi, ya fi kowane nisa. Mutanen ƙauyen gaba da mu in sun ji shi sukan ce, to, sun gama.

Da mutanen daji suka fara zuwa da baburansu, sai mai unguwa ya tara mu gindin tsamiya. Waya ba sabis, masallaci ba lasifika. Aka ce me za a yi in an hango su? Ni na ce ga ganga. Aka ce wane kiɗa? Na ce wanda ya fi nisa.

Kuma ta yi aiki. Wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Ranar da suka fara zuwa da hantsi, wata mai itace ta shigo gari tana haki, na hau kan tudun bayan rumbunanmu na saki ƙare-gona. Mata suka suri 'ya'ya, tsofaffi suka jefar da sanduna, kowa ya nufi duwatsu. Ni ban sauka ba sai da na fara rarrabe kalar rawunansu. Sannan na saɓa ganga a baya, na tsallake kwazazzabon da awaki suke zagayawa, da furfurata da komai. An yi haka ba sau ɗaya ba. Na ƙarshen ne ba mu koma ba. Waɗanda suka ji ganga suka tsira. Waɗanda suke gonakin nesa, wasu har yau ba labari.

Muka tare a Batsari, a wani gida da wani ɗan kasuwa ya fara ginawa bai ƙarasa ba, ya ce mu zauna don Allah. Daudu, sarkin nomanmu, mutumin da ba a taɓa riga shi kai ƙarshen kunya ba, ya koma tura kurar ruwa. Ni na koma tufka igiya ina kaiwa kasuwa. Igiyata ma, in za a faɗi gaskiya, ba irinta a garin.

To, ga inda na gani. Wata rana ina kakkaɓe gangar a ɗaki, sai gula ta suɓuce mini ta faɗa kan fatar. Dum, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba ma. Ta ƙofa ina hango Murja, matar ɗan ƙanena, tana wanki a tsakar gida. Ba ta waiwaya ba. Hannunta ne kurum ya fita daga cikin kumfa ya cafke damtsen ɗiyarta, har yarinyar ta yi ƙara. Can sai ta sake ta, ta dubi hannun nata kamar na wani ne. Na samo buhu na naɗe gangar, na rataye ta a kusurwa. Tun ranar na san na ceci mutanena, na kuma kashe kiɗan ubana.

Da bazara sai ga baƙo a kan babur, da farin gilashi a ido da hula zanna. Ya cire takalmi tun daga bakin tabarma, ya durƙusa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya tambayi baƙunta, ya yi mana jajen abin da ya wuce. Na ce a raina, wannan an yi masa tarbiyya. Shi ne Malam Abdulmumini, mutumin Safana, tsohon malamin firamare da aka ba kula da harkar al'adu a ƙaramar hukuma.

Na riga na ji labarinsa. Shi ya sa aka kafa rumfar kwano kusa da kasuwa inda makaɗa suke zama ranar cin kasuwa. Ya samo wa masu kalangu fata, ya nemo wani tsohon masaƙi da ya jingine masaƙarsa ya sa ya sake ɗaura zare, mata masu saƙar faifai aka ba su gefen rumfar. Har masu sarewa ya bi rugage ya lallaso daga wajen Safana. Yanzu kuma, in ji shi, za a haɗu da mutanen Safana a yi babban biki bayan kaka, a filin ƙwallon makaranta.

"Baba, gangarka muke so ta buɗe taron," in ji shi. "Duk inda na je sunanka ake ambata."

"Ai dole," na ce. "Wa za a ambata? Amma in na kaɗa ta, Malam, filin nan zai watse."

"Don daɗi?"

"Don gudu."

Na ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, wannan na yaba masa. Da na gama sai ya ce, "Za mu yi sanarwa, Baba. Mai shela zai zagaya gari, ranar kuma a faɗa a lasifika cewa kiɗan biki ne, kowa ya kwantar da hankali."

"Kunne zai ji sanarwarka. Ƙafa kuma wa zai gaya mata?"

Ya yi murmushi irin na mai ganin tsoho ya cika zuzuta abu. Wannan murmushin ya ƙona mini rai. Na ce to tashi, ga mutanen nan a cikin gida, je ka yi sanarwarka mu gani.

Ya kuwa tashi. Ɗaki ɗaki ya bi yana sallama, yana cewa Baba Ɗan'azumi zai ɗan taɓa ganga yanzu, gwaji ne, ba komai. Mutane suka fito tsakar gida suna dariya. Daudu ya dawo daga tallar ruwa kenan, ya jingina da bango ya harɗe hannuwa. Bara'atu, taubashiyata, tsohuwar da tun muna yara ba ta taɓa barina na gama magana ba, ta ce, "Kaɗa mana, mai baki. Da ma mun gaji da jin labarin kwazazzabon nan, kullum faɗinsa ƙaruwa yake."

Na kwance buhu. Na gasa fatar a rana har ta ɗame. Na rataya, na dubi fuskokinsu, duk suna kallona suna jira, sun san abin da zan yi. Na saki ƙare-gona.

Ban kai ko'ina ba. Kafin gula ta sauka sau nawa, tsakar gidan ba kowa. Ƙofar zauren ta yi musu kaɗan, wasu suka bi ta inda ba a ƙarasa katanga ba. Bara'atu ta yi karo da turmi ta faɗi, ƙafarta ta lanƙwashe a ƙarƙashinta. Na tsaya. Ba a jin komai sai kukan yara daga waje, da ruwan wata tukunya da aka ture yana bin ƙasa.

Daudu na samu a bayan katanga, a tsugune, ya rufe kai da hannuwa. Da ya gan ni ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce, "Na san gwaji ne fa, Ɗan'azumi." Na ce na sani. Ya ce, "Wallahi na sani." Bai ƙara dubana ba.

Na ci gardama ranar, amma ban ji daɗinta ba. Malam Abdulmumini ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu, ya daɗe bai mayar ba. Shi ya ɗauki Bara'atu a bayan babur ya kai ta wurin mai ɗori, tana tafe tana zagina har suka sha kwana.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo. Ya ce ya kai wa kwamiti maganar, an tattauna, kuma an sami shawara ta girmamawa. Akwai ɗakin da suka ware na kayan tarihi. Za a yi wa gangar akwatin gilashi, a sa hotona a sama, a rubuta a ƙasa cewa wannan ita ce gangar da ta ceci gari guda. Ɗalibai za su riƙa zuwa kallo. Ranar biki kuma a kira ni gaban jama'a a yafa mini riga.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya shige ni. Hotona a bangon hukuma! Wa ya taɓa samun haka a zuriyarmu? Kuma na cancanta. Na ce ya kai ni in ga ɗakin.

Ɗaki ne mai tsabta, da fanka. Ga wani takobi, ga akushi, ga tsohon sirdi, ga kalangu guda a cikin gilashi. Na matsa kusa da kalangun. Fatarsa ta bushe ta tsage daga gefe, tsarkiyoyin sun saki. Kayan kiɗa in ba a taɓa su, ba sa jira, mutuwa suke. Na tuna ubana yana shafa wa kangon gangarmu man shanu da tafin hannunsa, yana ce mini kakanmu ne ya sare icen da kansa. Na tambayi Malam, "Mai wannan kalangun yana ina?" Ya ce ya rasu, 'ya'yansa suka kawo, ba wanda ya gada. Na ce, "To ni ban rasu ba." Ya ce, "Haka ne, Baba. Amma ka ga abin da ya faru." Na ce na gani, tun kafin shi ma. Na ce ya ba ni lokaci.

Na tafi duba Bara'atu, da ɗan goro a aljihu. Na tarar da ita a ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafar da aka ɗaure da karare, tana tsinkar zogale.

"Ga mai karya tsofaffi," in ji ta. "Ka zo ƙarasa ɗayar?"

"Ke da kika ce in kaɗa? Da ma gudunki tun kina budurwa haka yake, kamar agwagwa ta ga wuƙa."

"Agwagwar ce dai ta ƙi ka, ka yi wata guda ba ka cin tuwo." Ta karɓe goron ba godiya. "An ce za su sa ka a gilashi."

"Gangar za su sa. Ni hotona."

"Gara su haɗa da kai, a huta." Ta ɓare goron. Sannan ta ce, "Amma kai dai ban san ranar da za ka yi hankali ba. Tun da uwarka ta haife ka, ka taɓa ganin an kaɗa wa mutum ƙare-gona yana tsaye hannunsa wofi?"

Ta gatsi goron ta ci gaba.

"Baba Kaka, ubanka, Allah ya jiƙansa, ko take ba ya farawa sai garma ta shiga ƙasa. Mu mata muna ɗauke da fura, maza sun duƙa. Kowa da abin da ya riƙe shi. Ranar da aka fara kaɗa mana shi muna tsaye ba komai a hannu, ai ranar gudu ce. Kai kuma ka tara mu a tsakar gida kamar masu jiran rabon zakka, ka sakar mana shi. Me kake so ƙafa ta yi?"

To, ni na san wannan. Na daɗe da saninsa, a cikin jinina yake. Na bari ne ta faɗa, don mai ciwo tana bukatar abin da zai faranta mata rai.

Ko sallama ban yi mata ba na nufi sakatariya. Na samu Malam a ofis na ce masa a bar batun gilashi. Gangata ba ta filin ƙwallo ba ce, ba ta mutanen da ke zaune kan kujerun roba ba ce. In hukuma tana son ta ji gangar noma, sai ta nemo gona.

Ya ce, "Baba, an riga an tsara biki bayan kaka."

"Bayan kaka me za a huɗa? Kara?"

"In kuma aka nemo gonar, suka sake gudu fa? Wannan karon a gaban baƙi?"

Na ce, "In suka gudu da garma a hannu, ni da kaina zan kawo maka gangar, har in taya ka rufe gilashin."

Abin da ya yi bayan nan, shi ya sa har gobe ba na bari a zagi ma'aikacin hukuma a gabana sai an ware shi. Akwai wata gona ta sashen noma a bayan gari, ta hanyar Safana, an bar ta saura. Ya yi ta shiga ofis yana fita har aka yarda a ba mutanenmu aronta, abin da aka girbe nasu ne. Ya shawo kan kwamiti aka raba bikin biyu: na bayan kaka yana nan, amma za a yi gayya da damina. Na ji an ce wani ya tambaya a taron, manyan baƙi da fararen kaya a ina za su zauna cikin taɓo? Malam ya ce akwai ɗorawa a bakin gonar, tana da inuwa. Maimakon hayar kujeru, aka kira maƙeran garin aka ce su ƙera garemani, don namu duk mun baro su. Sati guda ana jin uwar maƙera tana amsawa a unguwarsu, tsofaffin maƙeran suna faɗa da samarinsu a kan yadda ake lanƙwasa bakin garma.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka. Gero ya fito, ya kai gwiwa.

Ranar gayyar an kwana ana ruwa, gari ya waye fes, ƙasa ta yi laushi tana ƙamshi. Mutane suka cika bakin gonar. Motoci daga Safana, babura daga Karare, wasu daga Wagini har da jakuna. Matan Fulani suka zo da ƙoren nono a kai, masu sarewa suka zauna gindin ɗorawa kusa da manyan baƙi. Mutanenmu suka jeru a kan kunyoyi. Na dube su, na ga yadda tura kura da dako suka rage musu kafaɗu. Daudu yana farkon layi, yana jujjuya ƙotar sabuwar garma kamar bai yarda da ita ba.

Malam ya gama jawabinsa ya yi mini alama da hannu in fara. Ban motsa ba. Ya sake yi. Na kau da kai. Jama'a suka fara 'yan maganganu. Ni Daudu nake kallo.

Can ya tofa yawu a tafin hannu, ya yi bisimilla, ya duƙa. Garma ta shiga ƙasa, ta juyo baƙar ƙasa kan gindin gero. Na kusa da shi ya bi, na gaba ya bi. Sai da na ga bayan kowa ya lanƙwasa, sannan na ɗora gula a kan fata, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai.

Kafaɗu suka ɗan zabura, amma garemani ba su tsaya ba. Na ba su taken Daudu. Bai yi kirari ba, sai dai na ga saransa ya daidaita da hannuna. Na bi layi ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa. Wani ya yi dariya da ya ji nasa, wani ya ɗaga garma sama. Da na zagayo kan Daudu na sake ba shi nasa, sai hannuna ya zarce ya kaɗa taken Mani, don a layi kullum shi ke bin Daudu. Mani yana cikin waɗanda ba su fito daga gonakin nesa ba. Taken ya fita, ya tsaya a iska, ba mai amsawa. Ban san yadda zan janye shi ba, sai na ƙarasa shi har ƙarshe. Daudu bai ɗago ba. Da ya kai kunyarsa iyaka, sai ya juyo ya kama ta kusa da ita, wadda da Mani ne zai riƙe, ya huɗo ta, sannan ya koma tasa. Haka ya yi ta yi har rana ta ɗaga.

Bara'atu kuwa tana dogara sanda tana ba da umarni kamar ita ta haifi hukumar. Duk macen ƙauyenmu sai da ta ɗora mata wani abu a ka, wannan ƙwaryar fura, waccan tulun ruwa, ta tura su cikin gona bayan maza. Murja ta zo da goyo za ta tsaya a gefe, tsohuwar ta cika ƙwarya har baki ta aza mata. "In kika zubar mini da furar nan, ke da ni ne," in ji ta.

Rana ta take. Saura 'yan kunyoyi a kusurwar gabas. Hannuwa sun mutu, ina gani, garemani suna tashi da ƙyar. Duk wanda ya fito daga ƙauyenmu ya san abin da ya rage. Wasu suka fara satar kallona ta ƙarƙashin hammata.

Malam Abdulmumini ya ratso taɓo da takalmansa a hannu, ya zo kusa da kunnena. "Baba, an yi nasara. Kowa ya gani. Ko a bar wancan kiɗan sai wata shekara?"

Na ce, "Ɗana, in na bar shi yau, na bar shi kenan. Koma inuwa."

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba, duk da ni ba matsoraci ba ne, kowa ya sani. Na gyara maratayi. Na jira garemani suka tashi sama gaba ɗaya, daidai za su sauka, na saki ƙare-gona.

Layin ya girgiza kamar an ja igiya. Wata garma ta faɗi. Tayyib, wani magidanci da aka kashe wa ɗa a gabansa, ya yar da tasa ya yanki gona ya nufi titi, ba wanda ya tare shi. Na ga ƙafar Daudu ta fita daga kunya, ta taka gero, ta juya wajen hanya. Garmarsa tana sama. Kowa shi yake kallo. In ya tafi, an tafi.

Ban sassauta ba. Na matsa har bayansa, ina dukan fatar kamar zan fasa ta. Ya tsaya a haka, rabinsa na gudu, rabinsa na gona. Nauyin garmar ne ya fara rinjayarsa, na gani da idona, ƙarfen ya ja hannuwan ƙasa. Sai ya buɗe baki da wata murya da na manta yana da ita:

"Ni ne Daudu, gagara-fako! Rana ta gan ni ta nemi inuwa! Ƙasa, buɗe, mijinki ya dawo!"

Ya kafta mata. Layin duka ya kafta. Wanda garmarsa ta faɗi ya sunkuya ya ɗauka. Bara'atu ta callara guɗa da wannan tsohuwar muryar tata mai kama da ƙofar kwano, matan Fulani suka karɓa daga bakin gona. Na waiwaya na ga Murja tsaye cikin gero, hannuwanta biyu a kan ƙwarya, fura tana gangaro mata ta wuya, tana kuka, amma ƙafafunta suna inda suke.

Kafin in gaji sun cinye kusurwar.

Da na ɗauke gula, ba a yi tafi nan da nan ba. Maza suka zube a iyakar gona. Daudu ya ɗebi ƙasa a tafin hannu yana shinshinawa. Malam ya zo ya tsuguna gabana, wandonsa duk taɓo, ya ce, "Sannu, Baba." Na ce, "Ai na gaya maka."

Da la'asar na ɗauki garmar Tayyib na kai masa gida. Na same shi zaune a zaure. Ya ce, "Ban iya ba, Baba." Na ce ba a kansa aka fara ba, gonar tana nan, garmar tasa ce. Ya karɓa ya jingine ta a bayan ƙofa. Har yau bai shiga layi ba, amma gayyar da aka yi a Safana ya bi mu, ya tsaya a titi ya saurara har aka gama. Ban matsa masa ba. Akwai abin da ganga ba ta iyawa, ko a hannuna.

Mai unguwa kuma na gaya masa a gaban mutane: Allah ya kiyaye, amma in wata rana aka sake bukatar abin da za a buga a gudu, a nemi tsohon ƙarfen mota a rataya. Gangata ta yi wannan aikin ta gama.

Yanzu kowace damina kwamiti yana kiran gayya, ana yi nan, ana yi Safana. Masu cewa ƙarya nake, ko tsufa ne ya sa nake ƙara gishiri, ba na gardama da su a tasha. In gero ya kai gwiwa, su zo gonar bayan gari. Kada mutum ya zo mini da hannu a aljihu, ya ɗauki garma ya tsaya kusa da Daudu. In na saki ƙare-gona bayansa bai lanƙwasa ba, ya karɓi gular daga hannuna ya karya ta a gaban jama'a.